Bahagon Ganuwar Lugo

Eladio Carballido ya shekara hamsin da biyu yana gini a birnin Lugo. Ya gina gidaje, ya gina turakun shanu, ya gyara rufin coci uku, kuma babu ɗaya daga ciki da wani ya taɓa tsayawa ya yi wa kallo na biyu. Aikinsa guda ɗaya tak baƙi ke yi wa layi suna ɗaukar hoto, shi kuma an kafa allo a gabansa an rubuta cewa wani Barume ne ya yi shi, wanda ya mutu shekara dubu ɗaya da ɗari bakwai da suka wuce.

Bahago aka haife shi, a wani ƙauye da ke hayin kogin Miño, a zamanin da bahagonci laifi ne. Malamin makaranta ya shekara uku yana ɗaure masa hagun a jikin kujera, har ya koyi rubuta sunansa da dama, rubutu kamar tonon kaza. Kakansa, wanda shi ma magini ne, bai shiga wannan rigimar ba. Ya miƙa masa guduma kawai, ya bar shi ya riƙe da hannun da ya ga dama. A wurin tsohon ya koyi jera baƙin dutsen nan namu mai falle-falle, da kwaɓa farar ƙasa da yashin kogi, a bar kwaɓin ya kwana uku kafin a taɓa shi. Siminti kuwa, har kakan ya mutu aikin ragwaye yake kiransa.

Yana da shekara ashirin da bakwai ya auri Herminia, ya tare a gidan uwarta, Dona Benigna. A lokacin gidaje manne suke da tsohuwar ganuwar da ta kewaye garin, kamar kaska a jikin saniya. Mutum bangaye uku kawai yake ginawa, na huɗun Rumawa sun riga sun yi masa kyauta. Gidan Dona Benigna ma haka yake, bangon kicin ɗinta ganuwar ce da kanta.

Dona Benigna mace ce mai tsoron Allah da sa ido. Ba ta fashin coci, ba ta kuma fashin sanin abin da ke cikin tukunyar maƙwabta. Sau biyu ta kai ƙarar maƙwabcinta Amaro don ya zare duwatsu daga ganuwa ya yi murhu. A unguwar kowa ya haddace maganarta: "Mu gidanmu ko tsakuwa ba mu taɓa cira daga jikin ganuwa ba, tun kaka da kakanni."

Sai da Eladio ya yi wata shida a gidan aka yarda ya ga abin da ke bayan kabad ɗin kicin. Ɗaki ne sukutum wanda kakan Dona Benigna ya haƙa a cikin ganuwar, saniya za ta shiga ta juya ba ta goga ƙaho ba. Sanyinsa kamar cikin randa. Nan ake ajiye cuku da tulunan giya. Duwatsun da aka ciro daga ciki kuwa, da su aka gina ɗakin aladen da ke tsakar gida.

A shekarar 1972 hukuma ta ce za a rushe duk gidan da ke manne da ganuwa, a bar ta ta sha iska, duniya ta gan ta. Maƙwabta suka shiga kukan rabuwa da gidajen da aka haife su a ciki. Dona Benigna ita ma ta yi kuka, amma ba na gida ba.

"Eladio, ɗana," in ji ta. Ranar ce ta fara kiransa ɗa. Kafin nan sunansa mijin Herminia, idan ranta ya ɓaci kuma bahagon nan. "Ranar da suka ture gidan nan, ramin nan zai wangale baki yana kallon titi. Matar Amaro kujera za ta kawo ta zauna, har da gasasshiyar gyaɗa."

"Mama, ai kowa ya haƙa."

"Kowa ya haƙa, amma ba kowa ya kai ƙara ba."

Ya so ya toshe da bulo da siminti a yini biyu. Ta ce ai wannan ko makaho ya shafa ya gane. So take ya mayar da wurin yadda ko Barumen da ya gina ya dawo ba zai ce an taɓa ba.

Kwana ashirin da uku ya yi yana aikin, da asuba kafin ya fita nema da kuma yamma idan ya dawo, har da ranar Lahadi, domin Dona Benigna ta ce ita za ta yi wa Ubangiji bayani. Ya rushe ɗakin alade, ya mayar wa ganuwa duwatsunta. Ya cika cikin ramin da fasassun tayil na rufi da duwatsun kogi, sannan ya ɗaga fuskar layi bayan layi da kwaɓin kakansa. Tun yana yi don tsoron suruka har ya koma yi don kansa. Yakan tsaya ya dubi layin Rumawa na gefe, ya ga inda wani ya yi ha'inci ya cusa tsakuwa, ya ce a ransa, wannan dai da yarona ne da ya sha mari. Herminia ce ke miƙo masa kwaɓi, da cikinta na fari ya fara nauyi. Da ya gama, tsohuwa ta shafe wurin da baƙin tukunya da tsamin nono don gansakuka ta fito. Sannan ta ɗauko gicciye ta ce ya rantse ba zai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya miƙa hagu, ta buge hannun. Da dama ya rantse.

Aka rushe gidajen. Injiniyoyi suka bi ganuwa da takardu suna duba ɓarnar da talakawa suka yi mata. Ramin Amaro ya bayyana, na wasu goma sha ma suka bayyana. Da suka iso inda kicin ɗin Dona Benigna yake, babbansu ya ɗan bubbuga dutsen ya ce nan kam masu gidan sun san darajar tarihi. Tsohuwa tana tsaye a bayansa da baƙin gyale. Shekara tara ta ƙara a duniya, kuma ba ta bar ranar da ba ta maimaita wannan maganar ba.

Suka koma wani bene a wajen gari, hawa na huɗu. 'Ya'ya mata biyu suka girma, ɗaya ta tafi Coruña, ɗaya Suwizalan. Eladio ya ci gaba da ɗora dutse a kan dutse har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Likita ya rubuta masa maganin da yake rubuta wa duk tsohon Lugo, wato zagaye biyu a kan badala kowace safiya. Yana yi, amma a zagaye na biyu sai ya sauka ta matakala, ya fita ƙofa, ya bi ta waje ya tsaya gaban wurin da ya toshe, hannuwa a baya. Faɗinsa bai wuce gaba huɗu ba. Tsattsewa suna yin sheƙa a ramukan da ke gefe, amma nasa ko tsagar da tsuntsu zai sa baki babu.

"Ka je gaishe da budurwar taka?" Herminia za ta ce idan ya dawo.

"Na je. Ita dai ba ta tsufa ba."

"Ba ta yi maka wankin safa shekara hamsin ba shi ya sa."

A gaskiya duk shekarun nan abin bai dame shi ba. Ya sani, matarsa ta sani, ya ishe shi. Da an bar shi haka da ya mutu da ransa fari.

Sai ga wata malamar jami'a, Iria Souto, yarinya mai haƙurin da ya wuce misali. Bazara biyu ta yi tana ɗaukar hoton duwatsun ganuwa ɗaya bayan ɗaya tana auna su. A wuri ɗaya ta ga abin da ba ta gani a ko'ina ba. Saran guduma ya juya baya, layin dutse kuma daga dama yake tafiya zuwa hagu. Ta rubuta a littafinta cewa nan hannun mutum ɗaya ne, bahago, kuma a duk kewayen ganuwar babu maginin da ya kama ƙafarsa.

Mu mutanen Lugo mun shekara ɗaruruwa muna jingina da ganuwar nan, muna shanya wanki a kanta, karnukanmu suna yi mata fitsari. Amma da aka ce mana akwai wani bahago a ciki, sai muka tashi tsaye. Kafin shekara ta zagayo an kafa allo. Gidan burodi ya fara gasa biskit mai siffar hannun hagu. Aka buga riguna. Wasu suka ce bawa ne da aka kawo daga nesa, wasu suka ce soja ne da ya rasa damansa a yaƙi. Wani fadan coci ya yi wa'azi a kansa, ya ce ku dubi bawan Allah da ya yi aiki bai nemi suna ba.

Da farko Eladio daɗi ya ji. Ya yanke shafin jaridar da ta buga labarin, ya karanta wurin da aka ce babu wanda ya kama ƙafarsa har takardar ta yi laushi. Shekara saba'in da takwas babu wanda ya taɓa ce masa gwani, yau ga shi an buga. Amma daɗin bai yi mako ba ya fara tsami. An yabe shi, sai dai yabon ya wuce ta gefensa ya tafi kabarin wanda ba a taɓa haifa ba. Ya fara kwana da abin, ya tashi da shi. Yana so, kafin a rufe shi da ƙasa, mutum ɗaya wanda ba matarsa ba ya kalle shi ya san shi ne.

Abin ya fashe ne lokacin bikin da 'yan gari ke ɗaura zanen gado su zama Rumawa na kwana uku. A shekarar kwamitin biki ya ce dole a fito da Bahago, aka kuma zaɓi Froilán wanzami, abokin kartar Eladio na shekara arba'in, don shi ne mai gemun da ya dace. Froilán ya shigo shagon gahawa da zanensa da takalmin fata, riƙe da cokalin gini a hagu, ƙaramin yatsa a ɗage.

Eladio ya ajiye kartarsa. "Aski za ka yi wa ganuwar?"

"Me ka ce, tsohon banza?"

"Ba haka ake riƙe cokali ba. In ka riƙe shi haka kwaɓin a kan takalminka zai ƙare."

"To ji mana! Kai ka san yadda Rumawa ke riƙewa? Kana nan aka yi?"

"Ina nan."

Shagon ya kwashe da dariya. Da ya yi shiru a nan da shi ke nan, an ɗauka raha ce. Amma ya miƙe, gwiwoyi suna ƙara, ya ce da ƙarfi, "Ni na gina wurin. Ni, da hannun nan, a kicin ɗin surukata, shekarar da aka rushe gidaje."

Froilán ya cire hular ganyen da ke kansa ya ɗora masa. "Ranka ya daɗe, Kaisar! Ashe shekara arba'in da sarki nake karta ban sani ba. Ku kawo masa gahawa, ku sa madara, tsufa ya fara hawa sama."

Kafin ya kai gida labari ya riga shi. Herminia tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi.

"Ka rantse wa Mama."

"Da dama na rantse. Dama ba ta gina komai ba."

"Kai da wa za ka yi wannan wayon, da Allah ko da Mama? Allah ma ya fi sauƙi. Yanzu ka ji daɗi? Yau mai sayar da kifi Matar Kaisar ta kira ni."

"Ke ma kin san gaskiya ce."

"Na sani, shi ya sa nake cewa ka rufe bakinka."

Bai rufe ba. Ranar Litinin ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita ya tafi ofishin Iria Souto. Ta ba shi kujera, ta saurare shi da irin ladabin da ake yi wa tsohon da ya ɓata hanya. Sai ya fara faɗa mata abin da ba ya cikin littafinta. Ya ce fuskar kaurinta kamu biyu ne, bayanta fasassun tayil ne da duwatsun kogi. Ya ce ta hagu ramin ya fi zurfi, don can ake jera tuluna. Ya karɓi fensir da hagu ya zana mata. Murmushinta ya ɗauke. Bayan mako biyu ta kawo wata na'ura mai ganin cikin bango, ta yini tana tura ta a jikin dutsen. Da yamma ta zo gidansa da kanta, ta hau bene huɗun.

"Don Eladio, akwai wani abu a ciki, kuma siffarsa irin wadda ka zana ce," in ji ta. "Ka kashe mini aikin shekara biyu."

"Ki yi haƙuri, 'yata."

"Ba abin haƙuri ba ne. In gaskiya ce dole in kai rahoto. Amma ka fahimci abin da zai biyo baya. Idan aka tabbatar, cire duk abin da aka sa a 1972 za a yi, a duba ko akwai tsohuwar matakala a ciki. Daga baya kamfani ya rufe wurin, a ja jan layi a kewaye don kowa ya san sabo ne."

"Sunana fa?"

"Zai shiga rahoto. Allon ma sai an sake shi."

Iyakar abin da ya ji ke nan. Sauran maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita, don shi dama bai taɓa yi masa wani amfani ba.

Kwamitin kula da ganuwa bai so zancen ba ko kaɗan. Shugabansa, Don Severino, shi ya yanke ƙyallen buɗe allon, kuma ƙanwar matarsa ce mai gidan biskit. Ya ce ba za a fasa tarihi a kan maganar tsoho ɗaya da wata na'ura ba. Sai an kawo shaida na biyu ya yi magana a gaban jama'a a wurin, a kuma zare duwatsu biyar a gwada. Shaida na biyu kuwa a duk duniya mutum ɗaya ya rage.

Herminia ta ce ko a mafarki. Ta faɗa da safe, ta faɗa da rana. Sai wata yamma ta fito daga kicin ta same shi a tebur, ya cika bayan ambulan da sunansa. Yana koyon sa hannu ne da dama, don kada ya ji kunya ranar rahoto, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Tausayinsa ya kama ta har ta ji haushin kanta.

"Mama ta shekara talatin da takwas a kabari," in ji ta. "Matar Amaro ma ta bi ta. In suna da sauran magana su ƙarasa a can. Zan faɗa."

Bai ɗago ba, don kada ta ga idonsa. Ya ce, "Ki sa rigar nan shuɗiya."

"Kar ka ƙure ni, tsoho."

Ranar ta faɗo cikin Oktoba, ana yayyafin nan namu da ba ya jiƙa mutum sai ya kai gida. An kafa katakan hawa a jikin ganuwa. Jama'a sun taru da lema, har da ɗan jarida, har da Froilán da ya rufe shago don kada a ba shi labari. Eladio ya iso da kwat ɗinsa, Herminia da shuɗiyar riga.

Abin da ya fara gani lambobi ne. An bi duwatsunsa da alli an rubuta wa kowanne lamba, daga ɗaya har ɗari shida da wani abu, kamar shanun da za a kai mayanka. A gefe ga akwatunan katako a jere, a buɗe.

"Waɗannan na mene ne?" ya tambayi ma'aikacin kamfanin, wani ƙato mai hular kwano.

"Na duwatsun ne, Baba. In an tabbatar, duka za mu sauke a kai sito."

"Sannan a mayar?"

"Wasu. Waɗanda ba su fashe ba."

"Wa zai mayar?"

"Mu mana. Muna da siminti na musamman, kalarsa iri ɗaya da tsohon."

Don Severino ya ce a fara da gwajin, shaidu su biyo baya. Ƙaton ya hau, ya kunna injin sara, ya kafa bakinsa a ƙarƙashin dutse mai lamba ɗaya. Ƙara ta cika titi. Minti goma, dutse bai motsa ba. Minti ashirin, ƙaton ya cire hula ya share gumi. Da ya matsa da ƙarfi sai dutsen ya tsage gida uku, gutsure ɗaya ya faɗo ya tsaya kusa da takalmin Eladio.

"Kai!" in ji ƙaton daga sama. "Wanda ya ɗora wannan bai yi niyyar a cire ba."

Eladio ya sunkuya ya ɗauki gutsuren. Ya gane dutsen. Shi ne na ƙarshe da ya sa, wanda ya yini yana sassaƙa don ya shige ba tare da ya bar tsaga ba. Kwaɓin da ke jikinsa ya zama dutse shi ma. Ya ɗaga kai ya ga rami baƙi a saman aikinsa, kamar an cire wa mutum haƙori, ya kuma dubi sauran lambobi ɗari shida da akwatunan da ke jiransu. Sai a lokacin maganar Iria ta iso kunnensa. Za a rubuta sunansa a allo, allon kuma zai tsaya a gaban simintin kamfani. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan rufin coci.

Ƙaton ya kafa inji a ƙarƙashin lamba biyu.

"Tsaya!" Eladio ya ɗaga murya. "Tsaya, kashe abin nan! Ƙarya nake yi."

Injin ya mutu. Ba a jin komai sai yayyafi a kan lema.

"Me ka ce, Don Eladio?" in ji Don Severino, fuskarsa ta fara washewa.

"Ƙarya na yi. Ban gina komai ba. Haushin Froilán na ji, na ƙaga magana, ta fi ƙarfina. Zanen da na yi wa malama kuma canka kawai na yi, ramukan maƙwabta duk haka suke."

Iria Souto ta matso kusa da shi har lemarta ta taɓa tasa. Ita ta ga hannunsa a kan fensir, ta san abin da ta sani. Ta yi ƙasa da murya. "Don Eladio, ka tabbata? In ka janye yau, ba mai sake saurarenka."

"Na tabbata, 'yata."

Don Severino yana son a rufe zancen da ƙusa. Ya juya wurin Herminia. "Dona Herminia, an ce ke ce shaida. A gidan kika girma. Mijinki ya gina wurin nan?"

Ta sa shuɗiyar riga, ta kwana tana shirya abin da za ta ce, ta riga ta nemi gafarar uwarta. Ta dubi mijinta. Yana tsaye da gutsuren dutse a hagu, ya ƙanƙame shi a ƙirji, idanunsa suna roƙonta.

"Wannan?" in ji ta da ƙarfi, yadda na baya za su ji. "Wannan ko kejin kaza bai iya ginawa a miƙe ba. Ni na zo ne in mayar da shi gida kafin mura ta kama shi."

Dariya ta tashi har tsattsewar da ta yi saura ta bar ganuwa. Froilán ya riƙe ciki yana cewa a kawo wa Kaisar keken doki. Ɗan jarida ya rubuta abin da ya samu. Don Severino ya ce na'ura ma tana kuskure, ya ba da umarni a sauke katakai, a wanke alli, kamfani ya toshe gurbin dutsen da ya fashe.

Eladio ya je gindin katakan ya ce wa ƙaton, a hankali, ko za a bar shi ya toshe gurbin da kansa, yana da sauran farar ƙasa a gida, kyauta zai yi.

"Haba Baba," in ji ƙaton, ba da wulaƙanci ba. "Aikin Rumawa ne. Ba kowa ake bari ya taɓa ba."

Suka kama hanyar gida su biyu a lema ɗaya, a hankali saboda gwiwoyinsa. Ya san yadda sauran kwanakinsa za su kasance. Zai shiga shagon gahawa a miƙe masa gaisuwar sarki, ya mutu a matsayin tsohon da ya yi wa gari ƙarya. Suka wuce ƙofar gari, suka wuce gidan biskit. Sai da suka kai kwanar layinsu, inda ba kowa, Herminia ta tsaya tana gyara riƙon lema.

"Eladio."

Ya juyo, don rabon da ta kira sunansa har ya manta.

"Shekara hamsin da ɗaya ina tare da kai, ban taɓa ganin abin da ka gina ya karkace ba. Ranar da ka sa dutsen nan na ƙarshe ina bayanka da bokiti. Na so in faɗa maka, Mama tana wurin."

Ya buɗe baki zai mayar mata da baƙar magana kamar yadda suka saba, sai kuka ya riga shi. Tsoho ɗan shekara saba'in da takwas ya tsaya a bakin titi yana kuka, kafaɗunsa suna rawa, ita kuma ta karkata lemar ta rufe shi kada wani ya leƙo ta taga ya gani. Da ya lafa ta ba shi hankicinta, suka hau bene huɗun suna hutawa a kowane hawa.